Alƙali ya ce mu je mu sasanta kan riƙon yara: me sulhun zai ɗaure?

Baban Biyu, Kubwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar lauyoyi da malamai da ke wannan zaure, da duk wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali a kan maganar riƙon yara. Ni ma'aikacin gwamnati ne mazaunin Kubwa, kuma wata 8 ke nan da muka rabu da uwar 'ya'yana bayan shekara 11 muna tare. Allah ya ba mu yara biyu, namiji mai shekara 9 da mace mai shekara 5, kuma tun da ta gama idda ta koma da su gidan mahaifiyarta a Gwagwalada. Da farko ina zuwa duk ranar Asabar in gan su, daga baya sai aka fara ce mini sun tafi Islamiyya ko an tafi da su gidan biki, har ta kai na yi mako 6 ban sa su a ido ba, alhali kuɗin makaranta da na cefane ba su taɓa yankewa daga wajena ba. Wannan ne ya sa na shigar da ƙara a wata kotun yanki, ina neman a ba ni riƙon yaran gaba ɗaya.

A zaman farko, bayan alƙali ya saurare ni ya saurare ta, bai ce uffan a kan buƙatata ba, sai ya tambaya ko muna da manya, ya ɗage shari'ar zuwa mako 4, ya ce mu je mu sasanta mu dawo masa da abin da muka cimma. Gaskiya raina bai so ba, domin da manya za su iya gyara lamarin da ƙafata ba ta taka kotu ba. Baffana da kawunta sun zauna sau biyu a baya, aka yi nasiha, aka shafa fatiha, aka watse a kan za a riƙa zumunci, ko wata guda ba a rufa ba aka koma 'yar gidan jiya. Shin wannan sulhun ba jan lokaci ba ne kawai? Idan mun amince da wani abu ta saɓa, me zan riƙe a hannuna? Sannan wani abokin aikina ya ce in bar kotun yankin in koma kotun iyali, wai a can ba a fifita uwa a kan uba. Ko akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana?

Barista Mai Zaman Kanta, Wuse

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da maganar abokin aikinka, domin ita ce za ta iya jawo maka asara. Kotun iyali a Abuja tana aiki ne da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta kafa ta a mataki biyu, na majistare da na Babbar Kotu, inda alƙali ke zama tare da masu ba shi shawara kan sha'anin yara, ba a barin 'yan kallo su shiga, kuma ba a yarda a wallafa sunan yaro ba. Sashe na 151 na dokar ya umarci kotun da ta bi hanyar daidaita tsakanin ɓangarori, ta kuma ƙarfafa su a kan warware rigima cikin lalama. Ke nan ko ka koma can, abin da wannan alƙali ya faɗa maka shi za ka sake ji. Haka kuma babu inda dokar ta ce a fifita uba ko uwa. Sashenta na farko ya ce maslahar yaro ita ce gaba da komai, sashe na 69 kuma ya ce a duba jin daɗin yaron tare da halayyar iyayen da abin da kowannensu yake so. Yarinya 'yar shekara 5 da ke hannun uwarta, tana makaranta, ba a kawo shaidar cutarwa ko sakaci ba, da wuya ka samu alƙalin da zai tumɓuke ta daga inda take. Ƙari a kan haka, buɗe sabuwar ƙara a wata kotu alhali ta farko tana nan a kan magana ɗaya da mutane ɗaya, kotuna suna ɗaukarsa wasa da hankalin shari'a, suna iya korar ta biyun. Aurenku na Musulunci ne, kotun yanki tana da hurumin yi muku hukunci da shari'ar Musulunci, wanda bai gamsu ba kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Abuja, wadda sashe na 262 na tsarin mulkin 1999 ya zayyana huruminta.

Zaman da baffanka da kawunta suka yi bai ɗaure kowa ba saboda ba a rubuta komai ba, kuma abin da aka amince da shi ba abu ne da za a iya aunawa ba. Wa zai iya tabbatar wa alƙali cewa an saɓa alkawarin "za a riƙa zumunci"? Sulhun da kotu ta tura ku ku yi daban ne. Idan kun daidaita, ana rubuta sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, kai da ita ku sa hannu tare da shaidu, a kai wa rajistaran kotu, ranar zama alƙali ya karanta muku ya tambayi kowa ko da yardarsa aka rubuta, sannan ya ɗauki takardar a matsayin hukuncinsa. Daga wannan rana wanda ya saɓa, umarnin kotu ya saɓa, kuma kana da damar komawa ka nemi a tilasta masa. Ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi ka adana. Shi ne abin da za ka riƙe a hannunka.

Na lura a bayaninka cewa abin da ya kai ka kotu shi ne hana ka ganin yaran, amma abin da ka roƙa shi ne a ƙwace su gaba ɗaya. Idan aka bar alƙali ya yanke, tambayar da ke gabansa ita ce wa zai riƙe, kuma Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Yana iya barin su a hannunta, ya ƙara da jimla guda cewa uba yana da damar ziyara, ka koma inda ka fito. A zaman sulhu kuwa kai da ita za ku iya tsara ranar ɗauka da lokacin mayarwa da rabon hutu, abubuwan da alƙali mai shari'u da yawa a gabansa ba lallai ya samu sukunin tsarawa dalla-dalla ba.

Idan kana ganin manyanku sun riga sun ɗauki ɓangare, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Abuja da ke Gudu, wadda aka fi sani da Multi-Door, da aka buɗe a 2003, shekara guda bayan irinta ta Legas. Kotu tana iya tura mutane can, mutum kuma yana iya zuwa da ƙafarsa. Mai shiga tsakani a can ba ya yanke hukunci. Yana sauraron ku tare, in ya ga dama ya keɓe da kowannenku, kuma abin da aka faɗa a ɗakin sirri ne. Ka sanar da alƙalinku idan wannan hanya kuka zaɓa, domin sakamakon gabansa zai dawo. Gargaɗina ɗaya shi ne ka karanta kowane layi kafin ka sa hannu, saboda hukuncin da ka amince da shi da bakinka yana da wuyar ƙalubalanta a gaba, sai dai idan yanayin yaran ya sauya ka nemi a sake duba shi.

Almajirin Malamai, Dei-Dei

Allah ya saka wa Barista da alheri. Ɗan'uwa, zan ƙara da ɓangaren fiƙihu, domin da mazhabar Malikiyya alƙalin zai yi maka hukunci idan sulhun ya ci tura, kuma gara ka shiga zaman kana sane da matsayinka. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan kowane zauren karatu a ƙasar Hausa ake karanta ta, an bayyana cewa hadana, wato rainon yaro bayan saki, ta uwa ce har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure mijinta ya tare da ita. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, haƙƙin yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Asalin wannan shi ne hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa matar da mijinta ya sake ta yana son karɓe ɗanta, ita ce mafi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Abin da muka saba gani na karɓe yaro da zarar an yaye shi ko ya shekara 7, al'ada ce ta mutanenmu, ba shi ne hukuncin mazhabarmu ba. Ka lura da kyau: ko gobe ta yi aure, wadda ke biye da ita a layi ita ce tsohuwar da yaran suke gidanta yanzu a Gwagwalada.

Malamai sun kuma shardanta wa namijin da zai karɓi raino ya kasance yana da macen da za ta kula da yaran a gidansa. Ba ka faɗa mana ko ka yi wani aure ba, to idan ka fita aiki tun da sassafe ka dawo bayan magariba, wa zai yi wa 'yar shekara 5 wanka da kitso? Alƙali zai yi maka wannan tambaya.

Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Hadana ba ta cire maka walicci ba. Littattafan mazhaba sun ba uba haƙƙin bibiyar ɗansa da tarbiyyarsa da kai shi makaranta, ko da yake kwanansa a wajen mai raino ne, kuma ciyarwa da tufatarwa suna wuyanka ko ka gan su ko ba ka gan su ba. Ɓoye maka yara da sunan sun tafi biki zalunci ne, domin aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Wannan ne abin da za ka tsaya a kai a zaman sulhun, a nan hujjarka take da ƙarfi. Akwai kuma mas'alar ƙaura: idan waliyyi zai koma wani gari da zama na dindindin, nisansa ya kai baridi 6, kimanin mil 72, kuma hanya tana da aminci, yana da damar tafiya da yaron in mai raino ba za ta bi su ba. Tsakanin Kubwa da Gwagwalada bai kai wannan nisa ba, amma da yake kai ma'aikaci ne da za a iya yi wa canjin wurin aiki, ya kamata ku tattauna wannan tun yanzu. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a riƙa mayar da masu husuma ko sa daidaita, domin yanke hukunci yana gadar da ƙullaci, kuma ina kyautata zaton da wannan alƙalinku ya yi aiki.

Maman Ɗaya, Nyanya

Yaya Baban Biyu, ni daga ɗaya ɓangaren nake, domin ni ce aka taɓa kai ƙara a kan ɗana, kuma sau biyu muka yi sulhu kafin abin ya zauna. A zaman farko ina durƙushe a gefen tabarma, kawuna da wan mijina da limamin unguwa suna magana a kaina, ba wanda ya tambaye ni abin da nake tsoro. Da aka ce "kin amince?" na ce na amince, saboda ba zan iya yi wa kawuna musu a gaban baƙi ba, amma zuciyata ba ta amince ba. Ina zargin irin wannan amincewar aka samu a zamanku biyu na baya. Abin da aka rubuta mana a lokacin shi ne uba zai ɗauki nauyi daidai ƙarfinsa, zai kuma ga ɗansa duk lokacin da ya so. Sai ya zama yana zuwa ƙarfe 9 na dare bayan yaro ya yi barci, a tashe shi yana kuka, kuɗin cefane kuma a cusa a aljihun wandon yaron a ce ya kai wa uwarsa. Wata rana kuɗin suka faɗi a hanya, aka ce na ɓoye ne.

A karo na biyu mai shiga tsakanin ta keɓe ni ni kaɗai, ta ce in faɗi abin da ke raina. Na ce tsorona ɗaya ne, kada a ɗauke shi ranar Juma'a a wuce da shi garinsu, in wayi gari ina neman kuɗin mota da na lauya. Da aka gaya masa haka sai ya ce shi ma tsoronsa kada in yi aure ɗansa ya zama agola a gidan da bai sani ba. A kan waɗannan abubuwa biyu aka gina takardar. Yana ɗaukarsa ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar shagon yayana, mako ɗaya a tsallake ɗaya, ya dawo da shi Lahadi kafin magariba tare da jakar makarantarsa da maganinsa. Kuɗin makaranta kai tsaye yake biya a asusun makarantar ya turo hoton rasit ta WhatsApp, na ciyarwa kuma ta banki a ranar da aka sa, don haka babu sauran na bayar ba a ba ni ba. Ƙaramar Sallah a wajena, Babbar Sallah a wajensa, shekara mai zuwa a juya. Ba ma gaisawa sosai har yau, amma shekara 3 ke nan ba mu koma kotu ba. Kafin ka zauna, ka binciki dalilin da ya sa aka fara ɓoye maka su bayan da farko ana barinka, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Baban Biyu, Kubwa

Na gode muku ƙwarai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ban yi wani aure ba tukuna, kuma akwai ranar da raina ya ɓaci na ce a gaban mahaifiyarta zan ɗauki namijin in kai shi wajen tawa mahaifiyar a Zariya. Daga wannan makon ne aka fara cewa ba sa nan, ban taɓa haɗa abubuwan biyu ba sai yanzu. Tambayata ta ƙarshe ita ce, yaron yana da wayo, kuma ya taɓa ce mini ya fi son zama da ni. Shin in nemi a kawo shi zaman ya faɗa da bakinsa?

Tsohuwar Jami'ar Walwala, Karu

Ɗana, kada ka yi haka. Na yi shekaru ina ziyartar gidaje ina rubuta wa kotu rahoto a kan irin waɗannan yara, kuma yaron da ya ce maka ya fi son zama da kai, mai yiwuwa ya faɗa wa uwarsa irin wannan magana a daren ranar, ba don ƙarya ba, sai don yana tsoron rasa kowannenku. Gaskiya ne Dokar Haƙƙin Yara ta ce a ba yaro dama ya bayyana ra'ayinsa, amma ana yin haka ne a keɓe, ta bakin alƙali ko jami'in walwala, ana tambayarsa makarantarsa da abokansa da inda yake kwana da wanda ke kai shi asibiti. Tsayar da ɗan shekara 9 a tsakiyar manya a ce ya zaɓi uwa ko uba, nauyi ne da zai daɗe yana ɗauke da shi, kuma duk wanda bai zaɓa ba zai riƙa jin kunyar haɗa ido da shi. Haka nan raba shi da ƙanwarsa, ɗaya a Zariya ɗaya a Gwagwalada, ba abu ne da zan ba da shawararsa ba, domin a yanzu junansu ne kaɗai abin da bai sauya musu ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ake mantawa a takarda, su ne kuma suke dawo da mutane kotu. Da yake kai ma'aikaci ne, wataƙila yaran suna cikin inshorar lafiyarka, kuma asibitin da ka zaɓa yana kusa da kai a Kubwa. Idan zazzaɓi ya kama yarinya da tsakar dare a Gwagwalada wannan katin ba zai yi amfani ba sai an sauya asibitin. Ku rubuta wa zai riƙe takardun haihuwa na asali, wa zai riƙe kwafi, wa makaranta za ta kira idan wani abu ya taso, da cewa ba za a sauya musu makaranta ko a fita da su daga Abuja ba sai da sanin ɗayan. Ku sa lokacin da za a sake duba kuɗin ciyarwa, misali farkon kowace shekarar karatu, saboda abin da ya isa bana ba lallai ya isa baɗi ba. Ga sauran masu karatu kuma, musamman mata, inda akwai duka ko barazana ba a tilasta wa mutum zama ɗaki ɗaya da wanda yake tsoro da sunan sulhu. Dokar hana cin zarafi ta 2015 tana aiki a Abuja, kuma ana iya neman umarnin kariya daga kotu a ƙarƙashinta. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Baban Biyu, Kubwa

Na dawo in sanar da ku inda aka kwana. Mun zauna ranar Asabar a gidan kawunta, kuma na roƙa a bar ta ta yi magana da kanta, na kuma janye maganar Zariya a gaban mahaifiyarta. Yaran za su ci gaba da zama a wajenta, ni kuma in ɗauke su Juma'a in mayar Lahadi, mako biyu a wata, tare da rabin dogon hutu. Mun daidaita a kan kuɗin ciyarwa da na makaranta da sauya asibiti. Abu ɗaya ya gagara: ina son in riƙa kai su Zariya Babbar Sallah su ga kakarsu, ita kuma ta ce ba ta yarda a bi da su hanyar Kaduna a mota ba. Saura kwana 9 mu koma kotu. Barista, shin wannan saɓanin zai rushe sauran?

Barista Mai Zaman Kanta, Wuse

Ba zai rushe ba, Malam. Ku rubuta duk abin da kuka daidaita a kai ku sa hannu, sannan a ƙarshen takardar ku bayyana cewa maganar tafiyar Sallah ita kaɗai ce ta rage, kuna roƙon kotu ta yanke a kanta. Kafin ranar ka gwada mata tayin jirgin ƙasa daga tashar Kubwa zuwa Rigasa, ko kuma a ɗauko Hajiya ta yi Sallar farko a nan Abuja tare da jikokinta. Ka kai takardar wajen rajistara kwana biyu ko uku kafin zaman, kuma ka tabbata ita ma tana riƙe da nata kwafin.